Ranar da Na Kayar da Kaina a Kan Gawon Goggo

Bari in fara faɗin wautata da bakina tun mutanen garinmu ba su riga ni ba, don su in suka tashi ba da labarin sai sun ƙara masa gishiri. Ni ne mutumin da ya je gaban mai unguwa da shari'a a hannunsa kamar an dafa an sauke, ya buɗe baki ya yi ta zuba hujja har ya ci, da ya waiwaya sai ya ga ashe abokin shari'arsa ya ci wa. Ba wanda ya ruɗe ni, ba wanda ya yi mini asiri. Ni da kaina na roƙa a ba ni dama.

Bokona bai wuce aji biyu ba. Da aka zo ɗaukar yara makaranta, mahaifina ni ya miƙa don surutuna ya ishe shi a gona, malamai kuma ba su daɗe ba suka gane dalilinsa. Ɗan rubutun nan da kuke gani a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi, gemuna har ya fara fari. Amma magana, wannan kam Allah ya ba ni. Na yi dillancin dabbobi a kasuwar Maigatari tun ina saurayi har gwiwa ta ce ta gaji. Sai in ce wa mai rago abin nan ƙashi ne da fata, in juya in ce wa mai saye bai taɓa ganin kitse irin wannan ba, su rabu kowa yana sa mini albarka. Da na bar kasuwa sai na dawo da bakin nan gindin darbejiyar ƙofar masallacinmu, inda tsofaffi ke zama bayan la'asar.

A majalisar nan ba a taɓa kayar da ni ba. Dabarata kuwa ba ta da yawa. In mutum ya kawo magana mai ƙarfi, sai in tambaye shi ina ya kai awakin da surukinsa ya ba shi kiwo. Jama'a su kwashe da dariya, kafin a gama an manta abin da ya faɗa. In ya nace, in rantse. In ya fi ni rantsuwa, in ce ai a Kano ma haka ake yi, na san ba wanda zai hau mota ya je dubawa.

Ina da taubashi, ɗan goggona ƙanwar mahaifina. Tare muka tashi, rana ɗaya aka yi mana kaciya, a ƙwarya ɗaya muka sha fura har muka yi aure. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka bawana nake kiransa tun muna yawo da bante. Shi kuma ya ce ubangijin da ba shi da ko jaki ai wahala ce ga bawa. Mahaifinsa daga tsallaken iyaka ya zo, wajen Damagaram, shi ya sa har gobe makaranta lakwal yake ce mata, ni kuwa ban taɓa barin wannan ya wuce ba tare da na tsokane shi ba. Ya fi ni noma nesa ba kusa ba, ya fi ni haƙuri, amma yana da i'ina, kuma in ransa ya ɓaci sai maganar ta maƙale masa a wuya ta ƙi fita gaba ɗaya.

Gonakinmu na jere a hanyar Ɗanzomo. Asali gona ɗaya ce ta kakanmu, aka raba tsakanin mahaifina da goggo, aka dasa gamba a tsakani don ta nuna iyaka. A bakin iyakar nan akwai wani gawo babba, irin wanda da damina zai kaɗe ganyensa ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya zubo 'ya'ya tumaki su samu na ci. Tun tashinmu ba wanda ya taɓa tambayar na wane ne. Dabbobina su ci, nasa su ci, mu biyun mu kwanta a inuwarsa muna zagin juna.

Sai aka yi wata shekara da harawa ta yi tsada, dusa ma ta gagari talaka. Na je gona da safe na tarar jikokinsa sun share 'ya'yan gawon tas, har na ɓangarena, sun cika buhuna. Da yamma a majalisa na tashi yi masa wasa kamar yadda muka saba. Na ce, "Bawana, haka ake yi a ƙasarku? Baƙo ya zo ya share gonar masu gida?"

Da a ce ranar wasa ne a zuciyata, da ya ji wasa. Amma haushin buhunan nan yana cikin muryata, kuma ya ji shi. Bai yi dariya ba. Ya buɗe baki, maganar ta maƙale, da ƙyar ya fitar da cewa gawon na mahaifiyarsa ne. Ni kuwa maimakon in yi shiru, sai na ce gindinsa a wane gefen gamba yake? A nawa yake, kowa na iya zuwa ya gani. Jama'a suka ce ƙwarai. Ya ɗauki takalmansa ya tafi.

Daga ranar bai sake zama a majalisa ba. A masallaci in na tsaya dama sai ya koma hagu. Aka yi suna a dangi, aka shimfiɗa mana tabarma daban-daban kamar baƙi. Abin da ya fi ci mini rai, cika-ciki ta zo. Kowace shekara da sassafe yake zuwa ƙofar gidana da guntun tsintsiya, yana ihu bawa ya zo karɓar shara, ni kuma in ɓuya a bayan rumbu in ce a gaya masa na yi tafiya. A wannan shekarar na zauna a zaure tun safe, na ma sa riga mai aljihu. Har azahar bai zo ba. Na shiga gida na ce wa uwargida ai gara ma, na huta. Ta dube ni ta ci gaba da aikinta.

Maganar ta bar hannunmu ta koma ta 'ya'ya. Babban ɗansa ya fara tambayar yadda ake ɗaukar lauya. Nawa ɗan, mai haya da babur a Sule Tankarkar, ya ce in aka taɓa gawon nan sai an ga abin da ba a so. Mai unguwa ya aiko ya ce zai zauna da mu zama na ƙarshe, in ba mu daidaita ba zai miƙa mu gaba, daga nan kuma sai kotu a Gumel. A garinmu kuwa ban taɓa ganin 'yan'uwan da suka tsaya gaban alƙali suka dawo suka sa hannu a kwano ɗaya ba. Har jikoki sai su gaji gabar. Na san wannan sarai. Duk da haka abin da nake shiryawa shi ne yadda zan ci.

A cikin kwanakin nan autata ta zo hutu. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake kiranta. Tana karatu a kwalejin horon malamai a Gumel, ita ce ta farko a gidana da ta wuce sakandare. Muna zaune da hantsi a ƙarƙashin rumfa, uwargida na ɓarar gyaɗa, na tambaye ta me ake koya musu a can ban da latsa waya.

Ta ce akwai wani darasi da kowa sai ya yi, falsafa da mantiƙi. Ana koya musu yadda ake gane hujja mai kyau da ta banza, da yadda mutum zai auna daidai da rashin daidai in magana ta rikice.

Na ce, "Wai gardama ake koya muku? Gardama dai da na sani? Kai, an yi asarar kuɗin mota. Ai da nan aka turo ku gindin darbejiya."

Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai an taɓa kawo maganar dillalai a aji. Malam ya tambaya ko wajibi ne dillali ya faɗi aibin dabba in ba a tambaye shi ba."

"Me kika ce?"

"Ranar shiru na yi."

Uwargida ta tuntsire da dariya har gyaɗa ta zube. Ni kuwa sai wata dabara ta faɗo mini. Na ce tunda an kashe kuɗi an koya mata, ta zauna in gwada mata abin da zan faɗa gaban mai unguwa, ta ƙara mini kaifi. Ta ce to, amma da sharaɗin ba zan yi fushi ba. Na ce ni da na yi gardama da Buzaye da Fulani da mutanen Kudu a kan bijimi ɗaya, 'yar da na haifa ce za ta ba ni haushi?

Na gyara zama na fara. Na ce da farko, mutumin nan ubansa ma baƙo ne, daga tsallake ya zo.

Ta ɗaga hannu. "Baba, gawon daga tsallake ya zo?"

"A'a."

"To ka bar maganar ka kama mutumin. Ko daga bayan teku babansa ya zo, wannan bai gaya mana gawon na wane ne ba. Kuma gonar ta wajen Goggo ya gada, ba ta wajen babansa ba."

Na ce to, mu bar wannan. Na biyu, duk garin nan kowa ya san gawon nawa ne.

"Daga wa suka ji?"

Na yi ɗan tunani. "Daga ni."

"To kai ɗaya ne ke nan, Baba, muryarka ce ta yi yawa."

Na ce na uku, shi fa so yake ya ce duk gonata tasa ce, yau gawo, gobe rumbu, jibi ya zo ya ce hular kaina ma ta Goggo ce.

"Ya faɗi haka?"

"Bai faɗa ba, amma na san shi."

"Ka sa masa maganar da bai yi ba, don ta fi sauƙin karyawa."

Duk makaman da na yi shekara da shekaru ina kashe mutane da su, ashe a Gumel kowanne an san shi, har an raɗa masa suna, ana koya wa yara su gane shi tun daga nesa kamar yadda ake gane ɓarawon kasuwa. Na fito da na ƙarshe, wanda na fi dogara da shi. Na ce gindin gawon a gefena na gamba yake, wannan kuma ido ne shaida.

Ta ce, "Yawwa. Wannan hujja ce. Ita kaɗai ce ka kawo tun ɗazu. Saura tambaya ɗaya, gambar nan a inda aka dasa ta tun farko take?"

Na ce ina za ta je, ƙafa gare ta?

Ta ce ita ba ta sani ba, tambaya take yi. "Ban ce gawon ba naka ba ne, Baba. Wallahi ban san na wane ne ba. Na ce dai ba ka gama nunawa ba." Sannan ta tambaye ni wane abu ne in aka kawo mini shi zan yarda na yi kuskure.

Na ce babu shi a duniya.

"To ba gardama kake yi ba ke nan, waƙa kake rerawa."

Na dubi uwargida ko za ta tsawata wa 'yarta. Ta sunkuyar da kai cikin gyaɗa, kafaɗunta na rawa.

Ina shirin in tashi in ce ina da uzuri, sai yarinyar ta ce akwai abin da malaminsu ke sa su yi wanda kowa ya tsana. In za a yi muhawara, ba a barin ka soki maganar abokin hamayyarka sai ka fara faɗinta da bakinka, ka faɗe ta da kyau har shi da kansa ya ce e, abin da nake nufi ke nan, ka ma fi ni iya faɗa. In ka rage mata ƙarfi, ko ka lanƙwasa ta, sai a ce ka sake. Wani lokaci ma ana tsakiyar muhawara malam zai ce a yi musaya, kowa ya koma kare abin da yake suka.

Na ce wannan wane irin hauka ne, mutum ya wasa wa maƙiyinsa wuƙa?

Ta ce malam ya ce wanda bai iya faɗin maganar ɗaya ɓangaren ba, tasa ma bai gama saninta ba. Sannan ta rage murya ta ce, "Baba, in ka san ba naka ba ne, amma ka san za ka ci, za ka je?"

Na ce kamar na ji an kira azahar. Rana ko tsaka ba ta yi ba.

A hanyar masallacin da ba a kira salla ba, maganar malamin nan ta yi ta juya mini. Da tsohon dillali ya juya ta sau biyu, sai ya ga riba a ciki. Na ce a raina, bawana in ya tashi magana gaban jama'a i'ina za ta kama shi, mutane su tausaya masa, tausayi kuwa yana cin shari'a. Amma in ni na karɓi maganarsa na faɗa masa, an ga adalcina ke nan, an ga na fi shi ko a tasa, sannan in juyo in rushe ta a gaban kowa. Na ji daɗin wayona har na yi wa kaina murmushi a hanya. Na tsaya ina lissafa abin da zai iya cewa, sai na ji wani abu ya motsa a gadon bayana, daidai inda tsumagiya ke sauka. Na kaɗa rigata na wuce, ban tsaya bincike ba.

Ranar zama, bayan la'asar, aka cika ƙofar gidan mai unguwa. Liman na nan, dattawan majalisa na nan, 'ya'yanmu maza sun tsaya nesa-nesa da juna kowa fuska a murtuke. Taubashina na zaune a ƙarshen tabarma. Na daɗe ban dube shi kusa ba, sai na ga ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Aka yi addu'a. Mai unguwa ya ce taubashina ya fara, tunda shi aka ce ya kwashi abin da ba nasa ba.

Ya ce, "Ga-ga-gawon nan..." Ya tsaya. Ya haɗiyi yawu ya sake. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Wani yaro a baya ya fara dariya aka make shi.

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini. 'Yata ta zo mini da wani ilimi daga Gumel. An ce ba daidai ba ne ka soki maganar mutum sai ka faɗe ta yadda shi ma zai yarda. Bari in faɗi tasa, in na yi kuskure ya gyara mini, sannan in kawo tawa."

Mai unguwa ya dube ni kamar mai neman inda tarkon yake. Liman ya ce ai wannan ladabi ne da malamai suka sani tun da, sai dai bai taɓa zaton a bakina zai ji shi ba. Aka ba ni dama.

Na fara a hankali, ina taka-tsantsan kada in ba shi da yawa. Na ce abin da ɗan'uwana ke cewa shi ne, gamba ciyawa ce, ciyawa kuma tana mutuwa a sake dasa ta. Wani dattijo ya ce haka ne. Na ce duk wanda ya kai shekarunmu ya tuna babban farin da aka yi, lokacin da gamba ta ƙone ƙurmus a gonakin yankin nan. Mutum uku suka ce ƙwarai kuwa. To ni fa ban san abin da ke damuna ba, in na ji "ƙwarai kuwa" sai jikina ya ɗau zafi kamar an kaɗa wa ɗan dambe ganga. Na gyara hula. Na ce bayan farin, wa ya sake dasa gambar iyakar nan? Ni da marigayi yayana. Da me muka auna? Da ido. Shi yana ina? Ya tafi cin rani. To mutum biyu 'yan gida ɗaya su ja layi da ido, mai gona ba ya nan, a ce layin nan shi ne alƙali?

Wuri ya ɗauki guna-guni. Na hango ɗana ya buɗe baki yana kallona. Wata murya a cikina ta ce ya isa haka, juyo. Amma na ga maganar ta yi kyau, saura kaɗan ta cika, kuma ban taɓa iya barin magana mai kyau a rabi ba.

Na ce, alamar da ba ta mutuwa fa? Kakanmu da ya raba gonar, daga tsohon surin nan ya ja zuwa bakin matacciyar rijiya. Duk mai ƙafa ya je gobe ya tsaya a kan surin ya hangi rijiyar, ya ga ta wane hannu gawon zai faɗo. Liman ya gyaɗa kai. Taubashina ya ɗago yana dubana, bakinsa a sake.

Sai abin nan na gadon bayana ya fito gaba ɗaya. Na ce, kuma akwai shaidar da shi kansa bai sani ba, don ranar yana kwance da ƙyanda. Gawon nan yana ɗan tsiro, bai kai gwiwa ba, Goggo ta kewaye shi da ƙayar magarya don awaki. Wani yaro mara ji ya zo ya janye ƙayar don akuyarsa ta ci. Goggo ta kama shi ta zane shi da tsumagiya. Ya ruga wurin ubansa yana kuka, uban yana kaftun gonarsa bai ko ɗago ba, ya ce, "Ta yi daidai. Me ya kai ka gonarta?" Gonarta, jama'a! Da bakin mai ɗaya gonar! Na buga ƙirji na ce, yaron nan kuwa ni ne, in ana so a ga bayana a gani!

Aka ɗauki kabbara. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba ko ranar da na sayar da raƙumi mai ɗingishi. Na tsaya ina huci, ina duban jama'a ɗaya bayan ɗaya kamar wanda ya yi kaye.

Mai unguwa ya bari aka lafa. Ya ce wa taubashina, "Abin da kake nufi ke nan?" Ya gyaɗa kai. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "To madalla. Mun ji lauyansa. Kai kuma wa zai tsaya maka?"

Sai a lokacin na tuna akwai kashi na biyu. Na buɗe baki. Na laluba awakin suruki, na ga ba su da wurin shiga. Na laluba rantsuwa, na ga yanzu na gama rantsewa da bayana. Kano ma ta yi mini nisa. Abin da ya rage mini gamba ce, ni kuma na riga na tumɓuke ta da hannuna a gaban kowa. Na tsaya baki buɗe, ba abin da ya fito. Ni ne yau da i'ina.

Wani sauti ya taso daga ƙarshen tabarma, kamar tsohuwar ƙofa. Taubashina ne ke dariya. Ya riƙe ciki, hawaye na zuba, ya nuna ni da yatsa, kuma ko sau ɗaya maganar ba ta maƙale ba ya ce, "Jama'a ku shaida, yau bawa ya samu ubangijin da ke yi masa aiki kyauta!"

Wuri ya kece da dariya. Liman ya rufe fuska da rawani. Ɗana da ɗansa suka dubi juna, kowa na ƙoƙarin ya riƙe fuska, suka kasa. Ni kuwa na zauna daɓas a tabarma, ina jiran in ji zafin kaye, abin da na yi shekaru ina tsoro. Na jira, bai zo ba. Abin da na ji kamar an sauke mini buhun gero da na daɗe da shi a ka har na manta yana nan. Na ce masa, "Rufe mini baki, ɗan lakwal. Da ba don ni ba da har magariba kana kan ga-ga."

Mai unguwa ya ce gawo na gidan Goggo ne, a je a gyara gamba daga suri zuwa rijiya, a gaban shaidu. Taubashina ya ce a gyara, amma 'ya'yan da suka faɗo kowa ya ci, don tumakina ba su san shari'a ba, kuma ya gaji da ganinsu kamar ubangijinsu, ƙashi da fata. Aka shafa fatiha. Ba a je Gumel ba.

Da na koma gida labari ya riga ni. Uwata na bakin ƙofa tana jira, fuskarta duk tsoro, tana zaton ta jawo mini abin kunya. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban ce ka yi haka ba." Na ce ta koma ta gaya wa malaminsu yana da ɗalibi a ƙauye wanda ya ci jarrabawa ya faɗi a zama ɗaya. Uwargida kuwa ta ajiye mini tuwo ta ce in an samu sarari ita ma tana da 'yan maganganu da take so in faɗa mata fiye da yadda za ta iya. Na ce miyar ta yi daɗi.

Ban zama wani mutum daban ba, kada in yi muku ƙarya. Har yanzu ina gardama a gindin darbejiya, har yanzu nakan tambayi mutum awakin surukinsa. Sai dai an lalata mini sana'a. Yaran da suka je makaranta sun yi yawa a garin, kuma tsofaffin ma sun koya. Ina fara kaucewa sai wani ya ce, "Gawon daga tsallake ya zo?" A yi ta dariya, in koma kan magana dole. Wani lokaci kuma, in ba kowa, nakan ɗauki wata tsohuwar gardama da na ci, in gwada faɗin ta wancan mutumin. Ba na yawan yi, don ba ya barin mutum ya ji daɗin goro.

Cika-cikin da ta biyo baya, tun ban gama shan koko ba na ji ihu a ƙofar gida, bawa ya zo karɓar shara, har da ta bara. Na ruga bayan rumbu da gwiwar nan tawa, na ce a ce masa na tafi Gagarawa. Ya zagayo ya kama ni a tsugune.

Da rani ya yi muka je gonar tare. Sabuwar gamba ta kama, gawon yana ɓangarensa da taku kaɗan. Tumakinmu na ta kalar 'ya'yan a haɗe, mu kuma muka kishingiɗa a inuwa. Ya daɗe yana jujjuya ɗan gawo a hannunsa, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tun muna yawo da bante na san ka, ban taɓa ganin bakinka ya suɓuce a inda ba ka so ba. Ranar nan, da gangan ka yi."